Shekarar Da Kogi Ya Ci Kasuwa

Ko yau na ji ƙanshin bandar kifi sai raina ya ɗan sosu, kuma ba laifin kifin ba ne.

A Makka aka haife ni, na tashi a unguwar Nakkasa, kan dutse, inda ruwa sai an hauro da shi a garwa. Kakata kuwa 'yar bakin Kwara ce, aikin hajji ya kawo ta Makka ta zauna. Ba ta ƙirga shekara da lamba, da abubuwan garinsu take ƙirgawa: shekarar da kogi ya ci kasuwa, shekarar da jirgi mai hayaƙi ya fara tsayawa, shekarar da dorina ta kifar da 'yan biki. Duk sanda lokacin ambaliyar nan ya zagayo, sai ta fito da bandar da alhazai suka kawo mata tsaraba, ta yi miya, ta yi wa waɗanda ruwa ya ci addu'a.

Ana nan sai aka zo da 'yar baffana daga can. Ita aka haifa shekarar da kogi ya ci kasuwa, a hannun Kaka. Ranar miyar nan ita ke samun kan kifi, su zauna suna ta ambaton mashaya da unguwannin da ban taɓa gani ba. Ba zan ɓoye muku ba, kishi kamar ya kashe ni.

Na ce, "Kaka, ni wace shekara ce tawa?"

Ta ce, "Nan mi aka yi, jikata? Rana da duwatsu."

Rannan da hantsi aka tafka ruwa, ya gangaro daga duwatsu ya cika lungu. Na ruga ina ihun mu ma mun samu kogi. Kaka ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce wannan baƙo ne, kafin la'asar zai wuce. Ruwan ya ja turminta, 'yar baffana ta faɗa ciki ta jawo shi, ni ina maƙale da ƙofa. Shi ke nan, ta zama shekarar da 'yar baffana ta ciro turmi. Ruwan garinmu ma ita ya ba suna!

Bayan an sauko daga Arfa, wani tsoho ɗan garinsu ya zo gaishe ta, ya tambayi yaushe kakanmu ya rasu. Ina wanke kwanuka na ga ta nuno ni, ta ce, "Shekarar da waccan ta fara tafiya." Yaushe suka tare a kan dutsen nan? "Shekarar da aka yaye ta." Ashe duk zamanta na Makka da ni take ƙirga shi.

Yanzu an rushe lungunmu, jikokina Larabci suke yi, shekara kuma a waya suke duba ta. Har na tsufa ban ga kogin ba, kuma har gobe ina jin haushin kan kifin nan. Amma ita 'yar baffana shekara ɗaya ta gada, sai ta turmi. Sauran duk nawa ne.