Gurbin da Na Je Aunawa a Warra

Shekarar da aka cire mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan jihar Kebbi, aka dawo da ni gida Yelwa in koyar da lissafi a sakandare. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da takardar shaida sabuwa fil, da kuma tabbacin cewa babu abin da ya rage ban sani ba.

Akwai darasin da na fi ji da shi. Sai in zana takwas a kwance a kan allo, in ce wa ɗalibai wannan ce alamar abin da ba shi da iyaka: duk lambar da ka kawo, zan ƙara mata ɗaya. Daga nan in kaɗa alli in ce amma wannan a cikin kai kawai yake. A duniyar da muke takawa komai yana da ƙarshe, har yashin bakin ruwa, in da mai haƙurin ƙirgawa.

Da hutu ya zo na je Warra gaida kawuna, wan Inna, tsohon masunci. Muna zaune yana ɗinkin koma, ya nuna mini wani wuri can tsakiyar tafki, ya ce gurbin nan ba shi da ƙasa.

Na yi irin dariyar da nake yi wa ɗalibi in ya kasa. Na ce, "Kawu, ai babu ruwan da ba shi da ƙasa."

"To, Malam," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba. "Kai ka yi karatu."

Wannan amsa ta fi gardama ƙona mini rai. Washegari na sayi igiya, na ɗaura mata dutse, na sa ya tuƙa ni har wurin. Na yi ta saki, na yi ta saki, igiya ta ƙare a hannuna dutse bai taɓa komai ba. Kawu ya dubi hannuna, ya dubi ruwa.

"Mi ka gani?"

"Igiyar ce ta ƙare, ba ruwan ne ba shi da ƙasa ba."

"To, Malam."

Kafin mu kai gaɓa na tsara bayani mai kyau a kan bambancin abin da ba a kai ƙarshensa ba da abin da ba shi da ƙarshe. Babu wanda ya saurare shi. Masu shanya kifi sun riga sun ji labari, har wata tsohuwa ta yi mini sannu da wahala.

Bayan sati biyu na koma da igiya uku a ƙulle, har da ta rijiyar gidanmu, wadda na ɗauka ban gaya wa Inna ba. Wannan karon, ina cikin sakin ta biyu, na ji nauyin dutse ya ɓace daga hannuna. Na miƙe tsaye da murna, jirgi ya yi tangal-tangal. Na ce, "Ga ƙasa nan, Kawu!" Na ja igiya, ta ƙi zuwa. Dutsen ya maƙale.

Kawu ya karɓa, ya ɗan jijjiga ta kamar mai jin motsin kifi. Ya ce, "Ba ƙasa ka taɓa ba. Tsamiya ce. Ƙasa na nan ƙarƙashinta, kamar tsayin mutum huɗu."

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani.

"Ƙofar gidanmu take. Nan aka haihe ni, nan aka haihi innarka, kahin a yi dam a tare ruwa a tashe mu. Kakanka na kwance gabas da ita."

Na ce, "To don me kake cewa ba shi da ƙasa?"

"In na ce akwai ƙasa, masu taru za su zo su ja ragarsu bisa kabarin ubana. Tun da na ce babu, ko mai ƙugiya ba ya zuwa."

Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Rabin ta rijiyar Inna ya bi tsamiya, na kuma sha faɗa a kanta da na koma gida.

Da muka iso gaɓa mutane suka taso suna tambaya. Kawu ya ɗaga guntun igiyar sama, ya ce Malam ya zo da uku, duk ruwa ya haɗiye. Kowa ya juyo yana jiran ta bakina. Ni da na yi wata da watanni ina koya wa yara faɗin gaskiyar lissafi ko da ba ta da daɗi, sai na sunkuyar da kai ina matse ƙafar wandona.

Kawu ya rasu da daɗewa. Bara na je Warra ta'aziyyar wani ɗan'uwa, wani matuƙin jirgi da bai san ni ba ya nuna mini wurin, ya ce gurbin can ba shi da ƙasa. Ya ce ba zancen tsofaffi ba ne, wani babban malamin lissafi ne ya zo takanas daga Yelwa har sau biyu, ya auna, ya tabbatar.