Dutsen da Kawu Ya Jefa a Mina

Kawuna ya iso gidanmu na unguwar Tandabawi, a ƙasa mai tsarki, bayan shekara uku a hanyar Sudan, yatsun hannunsa na dama a karkace kamar citta. Ni nake ƙulla masa ƙullin zane da safe, don haka sai da na ji labarin hannun.

Maƙwabcin gonarsa ne ya tsaya takarar majalisa. Shekara ashirin suna noma iyaka ɗaya, suna aron fartanyar juna. Kawu ya ƙi goya masa baya, ya kuma faɗa a kasuwa. 'Yan bangar mutumin suka tare shi a gona, suka ɗora hannunsa a kan kututture suka daka da gora, suka cinna wa rumbunsa wuta. Mutumin ya ci zaɓe. Kawu ya sayar da gonar ya kama hanya, ba abin da ya rage masa sai hajjin nan.

A shekarar da Kawu ya iso ne ɗan majalisar shi ma ya sauka ta jirgin sama. Mun gan shi ranar jifan Shaiɗan a Mina, ya yi teɓa, wani na riƙe masa lema. Na ji numfashin Kawu ya sauya. Na kama haraminsa na ce, "Kawu, khalas, ya isa, kana cikin harami. Kada ka zubar da shekara uku."

Ya fizge. Ya sunkuya ya ɗauki dutse kamar dunƙulen hannu, ya jefa da hagu. Goshin mutumin ya tsage, jini ya wanke masa farin zane har gwiwa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, kuma har yau ina istigfari.

Askarawa suka rufe Kawu da sanduna har ya faɗi, haƙori biyu a ƙasa. Babbansu ya tambayi ɗan majalisar ko ya san shi, ni na yi tafinta. Ɗan majalisar ya daɗe yana kallon hannun nan na Kawu.

"Ban san shi ba," ya ce. "Shaiɗan ya nufa, hannun ne ba lafiya."

Suka sake shi. A hanya Kawu yana tofar da jini yana cewa, "Shekara ashirin, wai bai san ni ba."

Bai koma jifa ba. Har ya rasu, duk wanda ya kira shi Alhaji ba ya amsawa. Da nake kwashe kayansa na tarar da tsakuwa bakwai a ƙulle cikin tsumma, ba ko ɗaya da ta ragu.