Almakashin Cindo Mai Majigi

Duk wanda ya yi zaman Samaru a shekarun da faifan sidi ya fara korar kaset ya san shagon Cindo, ko da bai taɓa karɓar hayar fim ba. Ɗan tsukukun shago ne tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai kunun aya, da benci biyu a ƙofa, kuma bencin nan ya fi shagon ciniki. Ɗalibai kan fito daga jami'a da la'asar su zauna, su tsokano tsohon da tambaya guda, shi ke nan sun samu lacca kyauta har rana ta yi sanyi. Fanninsa ɗaya ne, finafinan tsoro.

A tarihin da Cindo ke bayarwa, asalin dodon fim inuwa ce kawai, zamanin da hoto baƙi da fari ne, 'yan wasa ba sa magana sai zare ido. Daga nan aka shiga zamanin masu shan jini, 'yan gayu da kwat, waɗanda in ka gamu da su a hanya sai ka ɗauka likitoci ne. Bayan babban yaƙi, da Turawa suka tsorata da bam ɗin da suka ƙera da hannunsu, sai dodanni suka kumbura, ƙadangare ya fi bene tsawo, tururuwa ta kai girman tirela. Indiyawa suka kawo fatalwarsu mai farin zane, wadda ba ta kashe mutum sai ta yi masa waƙa tukuna. Amurkawa suka gaji da dodo, suka miƙa wa mahaukaci wuƙa suka sake shi cikin 'yan makaranta. Na Legas da Onica kuwa, masu mayu da wuta tana fita daga ido, ba ya ɓata yawunsa a kansu, cewa yake wannan ba tsoro ba ne, hayaniya ce. Ko ta ina ya biyo, hukuncinsa ɗaya ne a ƙarshe: dodon ƙwarai ba ya nuna fuska.

Ba mai ja da shi, don shekara goma sha tara ya yi yana juya majigi a wani gidan silima na Sabon Gari, wanda yanzu ya zama siton siminti. Shi kaɗai yake zama a ɗan ɗakin sama, shi da dodanni, shi ya sa ake kiransa Cindo Ba-gudu. Ana ma cewa wata budurwa mai suna Baturiya, wadda ke sayar da gyaɗa a ƙofar silimar a lokacin, saboda wannan jarumtar ta ƙi wani kofur na barikin sojan Basawa ta aure shi. Shi ma Cindo haka ya yi imani, kuma nan ne ciwon yake.

Gaskiyar magana, kaf Zariya da kewaye ba a yi matsoraci irin Cindo ba. Tun yana yaro a ƙauyensu, mujiya in ta yi kuka sai ya shige bayan kakarsa. Ya zo birni neman aiki, Allah da ikonsa aikin da ya samu ke nan. Shi kuwa mai majigi dole ya riƙa leƙe ta 'yar taga yana duba bango, kada hoto ya dushe ko ya zame. Ranar da aka fara ba shi fim ɗin tsoro, da dodo ya taso sai ya juya wa tagar baya. Hoto ya zame, kan dodo ya koma ƙasa, ƙafafunsa suka hau sama, 'yan kallo suka yi ta jifan ɗakin da ɓawon lemo suna tambayar ko barci yake. Mai gidan silimar ya ce in aka kuma, ya kama hanyar ƙauye.

Sai Cindo ya sayi almakashi. Finafinan da ke isowa Zariya dama tsofaffi ne, sun zaga garuruwa sun sha tsinkewa da liƙi, ba mai auna tsawonsu. Kullum da safe in sabon fim ya zo, sai ya warware zaren a kan tebur, ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya kanne ido ɗaya yana bi. A jikin zare dodo bai wuce girman farce ba, kuma ba ya gurnani, wannan kam yana iya daurewa. Da ya hango fuskar, sai ƙyas, ya datse, ya haɗa bakin da gam. Guntayen kuma bai iya ƙona su ba, gani yake za su biyo shi, sai ya riƙa tara su a wani babban gwangwanin madara. Da ya yi aure ya gaya wa amarya ƙusoshi ne a ciki, ya tura shi ƙarƙashin gado, can ɓangaren da take kwanciya.

Haka samarin Sabon Gari suka tashi suna kallon finafinan dodo ba dodo. Wanda ya fi zama a ransu shi ne wani na Turawa da suka raɗa wa suna Dodon Rijiya. Mace ta sunkuya za ta ja ruwa, igiya ta motsa da kanta, hoto ya ɗan girgiza, sai ga takalminta ɗaya a bakin rijiya. Iyakar abin ke nan, amma ya hana rabin unguwa sukuni. Ejike, wanda a lokacin yake koyon kasuwanci a shagon kawunsa, wata guda ya yi bai kusanci rijiyar gidansu ba, har aka fara yi masa maganar wari.

To, a shekarar dubu biyu da shida, wata ɗaliba mai suna Jemimah ta zaɓi tarihin finafinan tsoro a matsayin aikinta na ƙarshe. Watanni ta yi tana zama a bencin Cindo da biro da littafi, ta gina aikin gaba ɗaya a kan hukuncinsa, babban misalinta kuwa Dodon Rijiya, wanda ba ta taɓa gani ba sai a bakinsa. Cindo ya saki jiki ya yi ta zuba, don ya tabbata fim ɗin ya ɓace tun da silimar ta koma siton siminti. Ya manta da Ejike, wanda yanzu ya zama babban dillalin faifai a kasuwar Sabon Gari. Cikin wani kwali da ya zo masa daga kudu, irin faifan nan da ake cusa fim takwas a guda, Ejike ya tsinci fim ɗin. Ya kalla shi kaɗai, sannan ya kai wa Jemimah kyauta, ya ba ta shawarar kada ta buɗe, ta bari a kalla tare a gaban malaminta da 'yan ajinsu, Baba Cindo ya yi jawabi tukuna. Ta ga shawara ce ta arziki, ta ari zauren wata makaranta, aka sa ranar Asabar ƙarfe biyu.

Ranar Juma'a Ejike ya hau acaɓa takanas ya zo Samaru. Ya zauna a benci, ya sha kunun aya, ya yi ta yabon ilimin abokinsa a gaban mutane. Da zai tafi ya sunkuyo ya ce a hankali, "Oga Cindo, ashe dodon nan yana da fuska. Minti uku cur, na duba agogo."

Daren nan Cindo ya kwana yana neman mafita. Ba dariyar ɗalibai ce ta fi damunsa ba, ita wannan ta kwana biyu ce. Baturiya ce. Shekara talatin da ɗaya tana zaune da jarumi, gobe za ta ji a bainar jama'a cewa da almakashi ya yi yaƙin. Da safe ya tashi da ciwon baya, ta shafa masa man zafi. Ya tuna akwai wani kawunsa a ƙauye da ba shi da lafiya, ta tuna masa cewa bara suka binne shi. Ya ce ita ta zauna gida, fim ɗin ba na mata ba ne. Ta miƙo masa kaftaninsa a goge, ta ɗauki babbar jakar da take zuwa coci da ita, ta ce ta riga shi shiri.

An rufe tagogin zauren da zannuwa, janareto yana ta ƙugi a waje. Ban da ɗalibai da malaminsu, Ejike ya gayyato tsofaffin 'yan kallon Sabon Gari wajen goma, duk sun yi furfura. Cindo ya miƙe ya fara jawabi. Ya bi tarihinsa daga inuwa har zuwa mahaukaci mai wuƙa, ya fi kullum daɗin bayani, kamar mai cin tuwon ƙarshe. Da ya zo kan hukuncinsa ya faɗe shi da ƙaramar murya ya zauna. An ba shi kujerar gaba, dab da allo, inda ba wurin juya baya.

Mace ta sunkuya. Igiya ta motsa. Cindo ya runtse ido, ya ƙanƙame hannun kujera, yana jiran ihu. Sai ya ji wani ya tuntsire da dariya, na kusa da shi ya kama, kafin ka ce kwabo zaure ya ɗauka. Bai buɗe ido ba, amma kunne ya ba shi labari. Wani ƙato ne aka sa wa rigar roba, zif ɗinta a fili a gadon baya, ido ɗaya ya karkace, kuma da zai fito daga rijiyar sai da ya gyara wando. Ɗalibai har da buga tebur. Tsofaffin Sabon Gari kuwa ba su yi dariya ba, sai kallon juna suke.

Da aka kunna fitila, Jemimah ta tsaya riƙe da littafinta, fuskarta abin tausayi. Cikin ladabi ta ce, "Baba, wannan wurin ba ya cikin abin da ka gaya mini."

Ejike ya gyara tsayuwa zai yi bayanin da ya kwana yana shiryawa, amma Baturiya ta riga shi. Ta taho gaba ba gaggawa, ta zaro gwangwanin madara daga jaka, ta juye shi a kan tebur. Guntayen zaren fim suka zubo tuli.

Ta ce, "Ga su nan, 'yata, dodannin Sabon Gari na shekara goma sha tara. Shi ya yanke su, don ba ya iya kallonsu. A ƙarƙashina suke kwana, shi bai yarda su kwana ɓangarensa ba."

Wannan karon har malamin sai da ya share hawaye don dariya. Aka yaye zannuwan taga, ɗalibai suka yi ta ɗaga guntaye wajen haske suna nuna wa juna masu shan jini da ƙadangaru, kowanne bai wuce farce ba. Malamin ya ce wa Jemimah kada ta yaga aikinta, ta dai sauya takensa, domin yau ta samo abin da ba ya cikin littafin kowa. Ejike, wanda ya zo cin nasara, shi ya fi kowa ɓacin rai. Ya ce shi aka cuta, shekara talatin yana tsoron rijiya a kan mai gyara wando. Daga baya ya amsa cewa wancan na Cindo ya fi wannan nesa ba kusa ba, ya kuma tambaya ko ana iya sa wa faifai almakashi.

Duk wannan bai shiga kunnen Cindo ba. A hanyar gida yana gaba Baturiya tana baya, har suka wuce masu gasa masara. Kunya ta cika shi, da tsoron abin da zai ji in ya tambaya. Da suka shiga lungunsu ya daure, ya kira ta da sunan 'yarsu.

"Maman Rachel, tun yaushe kika sani?"

"Tun watan farko. Na je neman ƙusa zan rataye labule."

"Kuma kika zauna?"

Ta tsaya ta dube shi kamar ya tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum. Ta ce, "Kofur ɗin nan ba ya tsoron komai, shi ya sa na ƙi shi. Kai kuwa kana tsoro kamar ranka zai fita, amma kullum sai ka hau benen nan don mu ci tuwo. Ina zan samo wanda ya fi ka?"

Cindo ya kau da kai, yana ta faman gyara hular da ba abin da ya same ta. Ita kuwa ta sa hannu a jaka ta fito da guntu ɗaya da ta ɓoye wa ɗalibai, na Dodon Rijiya, ta zura masa a aljihun gaba, ta ce wannan daga yau ɓangarensa zai kwana, ita ta yi nata aikin.

Bai ce a'a ba. Haka ya ƙarasa gida, ƙirji a gaba kamar soja, yatsu biyu riƙe da bakin aljihun, yana ɗan janye shi kada ya taɓa jikinsa.