Ranar da Diga Ta Taɓa Marmaro

Shekara arba'in Gwaggo tana gyaran marmaron da ke gindin dutse, ba ta taɓa sa masa ƙarfe ba. Da hannu take kwashe ganye da laka, a durƙushe, har gwiwoyinta suka yi kanta. Can ƙasa kaɗan ta yi wani ɗan gurbi inda ragowar ruwa ke taruwa, don barewa da birai su sha ba tare da sun ɓata na mutane ba. Mata na ɗiba suna tsokanarta: "Gwaggo, yaya mijin naki yau?" Ta ce, "Ya fi naku, shi bai taɓa yi mini rowa ba."

Sai ga ɗan wanta, magini, wanda ta goya a bayanta, ya zo da siminti da diga. Wai zai faɗaɗa idon marmaron, ya gina tanki, a sa famfo. Unguwa kaf ta yi na'am.

"Ɗan nan, kada ka sara," in ji ta. "Yumɓu ne a ƙarƙashi, kaurinsa bai fi tafin hannu ba. Shi ke riƙe da ruwan. Ka fasa shi, ya tafi."

"Gwaggo, je ki huta. Zamani ya wuce ki."

Ta kama ƙotar digar. Ya fizge, ta faɗi zaune cikin laka, aka kwashe da dariya. Sara uku ya yi.

Kwana huɗu ruwan ya janye. Famfo sabo fil, ko ɗigo babu.

To, ka san ɗan Adam! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Maginin, mara kunya, shi ya fara cewa baƙin ciki ne ya sa tsohuwa ta toshe idon. Kowa ya karɓa, don ya fi sauƙin haɗiya.

Yanzu sai rijiyar burtsatse, tafiyar awa guda. Gwaggo ta bi layi tun safe. Da aka zo kanta, matar maginin ta sa ƙafa ta ture bokitinta. "Je ki sha wanda kika ɓoye!" Sai da kowa ya watse ta samu rabin bokiti.

Ba gida ta nufa ba. Ta ja ƙafa zuwa gurbin dabbobi, zuciyarta na ƙuna. Barewa na kwance a bakinsa a mace, hancinta cikin busasshiyar laka, ƙudaje sun rufe mata ido. Gwaggo ta tsaya da bokitin a ka, ta rasa wanda za ta zuba wa.