Hannun Maman Auta

Bango ɗaya ne ya raba shagona na aski da ɗakin aikinsa. Tun yana fentin gidaje muka saba, kafin masu shirya fim su gano cewa yana da ido wajen haɗa kala. Daga nan sunansa ya koma Mai Jini. Shi ne yake haɗa jinin ƙarya da raunuka da guntayen jikin mutum na roba, irin waɗanda ake gani a finafinan ban tsoro. Watan jiya ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau idan na buɗe shago sai in tsinci kaina ina kasa kunne ko zan ji ƙarar bokitinsa.

Abin dariya, ba ya iya kallon jinin gaske. Wata rana reza ta ɗan taɓa shi a bayan kunne, ya ga ɗigo ɗaya a tawul, sai da na ba shi ruwa na yi masa fifita.

Na ce, "Kai da kake yanka mutane kullum?"

Ya ce, "Nawa na sukari ne, Mai Aski. Naka kuwa sai an kai ka kotu."

Da gaske na sukari ne. Yakan dafa ruwan sukari ya yi kauri, ya zuba jar kala, ya ƙara ɗan garin kofi don ya yi duhu. Tururuwar layinmu duk a ƙofarsa suke kwana. Amma hannu da ƙafa ba ya ƙirƙirar su da ka. Ya ce ido yana gane hannun da ba shi da mai shi. Sai ya samo mutum, ya sa ya tsoma hannu cikin wani kwaɓi mai sanyi har ya daskare, daga nan ya fitar da mazubi mai ɓari biyu, wanda cikinsa ya ɗauki siffar hannun har da layukan tafi. A cikinsa yake zuba roba. Hannun da aka sare a fim ɗinsa na farko nawa ne. Kwaɓin ya tafi da gashin hannuna, na yi ta ihu yana dariya.

Fim ɗin ya karɓu, aka ce a yi na biyu. Darakta ya zo da kansa ya ce komai a ninka, jini da sara da ihu. Cikin abubuwan da ya nema har da hannun mace.

Ranar ina wurin. Matarsa, da muke kira Maman Auta, ta kawo masa abinci ta tarar yana ta lissafin wadda zai roƙa. Tela ce ita. Ƙaramin yatsanta na dama a lanƙwashe yake tun tana yarinya ƙofa ta datse shi, kuma akwai tabon dutsen guga a gindin babban yatsa.

Ta ce, "Kana zaune da mace a gida kana neman hannun mace a titi? Miƙo bokitin."

"Sare shi za a yi fa."

"A sare. Ko na huta da wanke maka kayan nan masu danƙo."

Ta naɗe hannun riga ta tsoma. Tana zaune tana ƙorafin sanyi, tana cewa in sosa mata hanci da matajina, tana cewa idan ta yi suna kada wanda ya zo neman gaisuwa. Mun yi dariya har wani da na bari da rabin aski ya leƙo yana faɗa. 'Yarsu ɗaya ce, Auta, a lokacin tana karatu a wani gari. Babu wanda ya tuna ya ba ta labari, don ba mu ɗauke shi labari ba.

Fim ɗin ya daɗe bai fito ba. A tsakanin nan Maman Auta ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Auta ta gama karatu ta dawo, ta samu aiki a wani kantin magani, ta kama ɗaki kusa da wurin aikin. Duk ƙarshen mako takan zo ta share wa babanta gida, ta yi masa faɗan shan magani.

Da fim ɗin ya fito, masu sharhi suka yi masa ca. A shagona muke jin komai, don masu jiran layi suna karanto mana daga waya. Wani ya rubuta cewa ba fim ya kalla ba, mahauta ya shiga. Wata a rediyo ta ce na farko yana da labari, wannan kuwa bokiti kawai yake da shi. Mai Jini ya ji daɗin wannan ƙwarai.

"Ka ji? Bokitina ya shiga rediyo."

Sai wata babbar jarida ta fitar da nata sharhin. Marubucin ya zagi fim ɗin tas, amma ya ce abu ɗaya ya hana shi barci: hannun matar nan da aka nuna a ƙasa, mai lanƙwasasshen yatsa, kamar hannun da ya sha aiki. Ya ce a duk fim ɗin shi kaɗai ne mai rai. Suka buga hoton hannun babba, cikin jini. Kafin azahar hoton ya zagaye wayoyin mutane.

Mai Jini ya shigo shagona da jaridar yana murna. Bai taɓa samun yabo a rubuce ba.

"Duba inuwar farcen nan, Mai Aski. Duba yadda kalar ta zauna."

Shi kala yake gani. Ni kuwa da na duba, hannun da yake miƙo mini shayi ta taga na gani.

Na ce, "Auta ta san da wannan?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Bai kai ga amsawa ba sai ga ta a bakin ƙofa, da farar rigar aiki, waya a hannu.

Ta gaishe ni tukuna. "Baffa, ina wuni." Sannan ta juya gare shi. "Baba, hannun wa ne wannan?"

"Auta, ita ce ta ce..."

"Abokan aikina suna ta tura wa juna suna cewa kai, ƙazanta. Har ni aka turo wa. Hannun da ya yi mini kitso, Baba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta tafi, kuma ƙarshen makon nan ba ta zo ba, na gaba ma haka. Idan ya kira ba ta ɗauka.

Ya je wurin darakta ya roƙa a cire wurin da aka nuna hannun. Aka ce masa fim ya riga ya shiga duniya, kuma wurin nan ne kaɗai aka yaba. Ya dawo ya daina karɓar aiki. Dama yana da ciwon zuciya, sai ya fara rama. Abin da yake tsoro bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Kada in tafi yarinyar nan tana ganina a matsayin wanda ya sare uwarta."

Ya sauko da mazubin hannun matarsa daga inda ya adana shi, ya zuba sabuwar roba. Wannan karon babu sara, babu jini. So yake ya fitar da hannun yadda yake. Amma kalar fatar ta gagare shi. Mutumin da yake haɗa kalar bango da kallo ɗaya, ya yi ta shafawa yana gogewa.

"Na manta kalar hannun matata, Mai Aski. Ka ji irin wannan?"

Na rufe shago da rana tsaka na tafi kantin maganin. Ban roƙe ta komai ba. Labarin ranar bokiti na ba ta, da sosa hanci da mataji, da maganar kada a zo neman gaisuwa. Ta ci gaba da jera kwalaye. Can ta ce, "Haka ta ce? Maganarta ce kam." Na ce mata kuma babanta ba ya cin abinci.

Bayan kwanaki ta zo ɗakin aikin babanta, da yamma. Na tsaya a ƙofa. Ya miƙe zai fara bayani ta ce ya zauna. Ta ga mazubin a buɗe a kan tebur, ɓari biyu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kwantar da hannunta a cikin ɓari ɗaya. Hannun ya zauna daidai, sai ƙaramin yatsan ne kawai ya ƙi shiga gurbinsa. Nan ta yi kuka, shi ma ya yi, ni ma na koma shago na yi nawa.

Da na dawo na tarar ta ɗauki hannun robar tana juya shi a hasken taga.

"Baba, ka cika duhu. Tafinta ya fi haka haske. Kuma tabon nan ba ja ba ne."

"To wace kala ce?"

"Miƙo burushin. A'a, kai za ka shafa, ni zan gaya maka."

Haka suka yi ta yi duk ƙarshen mako, tana gyara masa yana musu, har suka gama. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Ranar da ciwon ya kayar da shi tana gidan, ita ce ta riƙe shi har asibiti.

Hannun yana ɗakinta, a kan keken ɗinkin mahaifiyarta. Da muka zo kwashe kayan ɗakin aikin, ta ciro wani tsohon mazubi daga ƙarƙashin tebur, ta busa ƙurar ta leƙa ciki.

"Baffa, wannan da gashi a jikinsa fa?"

Na ce nawa ne. Ta miƙo mini, na kai shi shago na ajiye kusa da madubi.