Baƙon da Ya Zo Tambayar Barakatu

Duk mai hawa motar safe daga Daura zuwa Dutsi ya san Barakatu Abbas, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar nan mai hijabi ruwan toka da ke zama jikin taga, jaka a cinya, ba ta sa baki a gardamar tsadar taki. Direbobi Malama suke ce mata. A sashen jin daɗin jama'a take aiki, aikin nata kuwa shiga gidaje ne: tsohuwar da 'ya'ya suka tafi cirani suka bari, mai jegon da ta daina magana, gurgun da ke neman keke. Ta iya zama bakin tabarma ta yi shiru, har mutum ya gaji da cewa "lafiya lau" ya fara faɗin abin da ke cinsa. Da yamma ta kwaso wannan duka ta dawo da shi gidan ubanta, a wani lungu bayan Kusugu.

Uban nata, Abbas, dillalin awaki ne a kara, ya rasu tana ajin ƙarshe a jami'a. Ta yi aure, mijin ma bai daɗe ba, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin su sami haihuwa. Ta dawo gida ta tarar ciwon suga ya fara taɓa idon mahaifiyarta, Inna Zinariya. Albashi in ya shigo, kantin magani yake wucewa. Unguwa ta san haka, amma ba wanda ya taɓa furtawa. Haulatu mai waina, maƙwabciyarsu, takan miƙo kwano ta saman katanga ta ce, "Barakatu, ɗanɗana mini miyar nan, kamar gishiri ya zarce." Kwanon kuwa zai ƙosar da mutum biyu.

Abu ɗaya Barakatu ta riƙe wa kanta, digiri na biyu a fannin aikinta. Ta gaji da shiga ɗakin mai ciwon damuwa ta fito ba ta bar masa komai ba sai "Allah ya sawwaƙe". Wata jami'a a Kano ta ba ta gurbin karatun ƙarshen mako. Ta kasa biya, aka ɗaga mata zuwa shekara ta gaba, aka kuma gaya mata ba a ɗagawa sau biyu. Sai ta ji labarin wata gidauniya a Katsina da ke ɗaukar nauyin masu irin wannan karatu in ba su da hali. Ta nema, aka kira ta aka yi mata tambayoyi, aka ce saura bincike, za a turo mutum ya ji daga bakin unguwa.

"Kada ki gaya wa kowa," in ji Inna. "Abu bai nuna ba ki kai shi bakin mutane? Bari ya tabbata tukuna."

Ta bi maganar, don ta ɗauka za a kira ta kafin a zo.

Ranar da mutumin ya zo tana Dutsi. Ikrima sunansa, farar shadda, mota a bakin lungu. Bai faɗi inda ya fito ba, haka aka koya masa aikin. Ya tarar da Malam Maharazu, aminin marigayi Abbas, zaune a dakalin ƙofar gidansa, ya tambaye shi halin Barakatu da ƙarfin gidansu. Daga nan ya leƙa wajen Haulatu. To a Daura, in baƙo mai tsabta ya zo yana tambayar halin bazawara da na gidansu, abu ɗaya ake kawowa a rai.

Da ta dawo, tun daga bakin lungu Haulatu ta tare ta da guɗa ƙasa-ƙasa.

"Munafuka! Ashe haka kike? Mai mota, kuma ko ki ce mini uffan?"

"Wane mai mota, Yaya Haulatu?"

"Ji ta! Wanda aka turo bincike mana. Kwantar da hankalinki, na gyara miki. Na ce masa gidan nan ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba, mu nan a kwanonku muke ci. Baba Maharazu kuwa har gonaki ya ba ku a hanyar Dutsi. Ke dai ki tuna da ni ranar rabon goro."

Barakatu ta ji jakar ta yi mata nauyi a kafaɗa. Ta yi murmushi, don Haulatu na jiran murmushin, ta shige gida.

Washegari ta kira ofishin gidauniyar daga bayan wurin aikinta, aka haɗa ta da Ikrima. Ya saurare ta har ta gama.

"Malama, ba ƙaryata ki nake ba," ya ce. "Amma masu nema da yawa, kuma abin da dattijon unguwa ya faɗa shi na kai. In shi da bakinsa zai gyara maganar kafin kwamiti ya zauna, zan shigar."

Bayan la'asar ta sami Malam Maharazu a dakalin, ta durƙusa gefe ta gaishe shi. Fuskarsa cike da fara'a, tun kafin ta buɗe baki ya fara.

"'Yar Abbas, ai na yi miki aiki jiya. Yaron nan ya tafi da labari mai daɗi."

"Baba, ba maganar aure ba ce."

Ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda take yi wa tsofaffin ƙauye, karatun da gidauniyar da sharaɗinta. Fara'ar ta riƙa sauka daga fuskarsa. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Wato sai wanda ba shi da shi suke ba?"

"Eh, Baba."

"Kuma ni zan ce ba ku da shi."

"Gaskiyar kawai za ka faɗa."

Ya daɗe yana kallon ƙofar gidan Abbas, wadda ƙyaurenta ya fara cin ƙasa. Can ya miƙo hannu. "Kira shi."

Ta kira, ta buɗe muryar wayar ta ba shi. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, ya ja gaisuwar har ta ƙare masa.

"Yaro, maganar jiya ce. Gonakin nan da na ce, to, an sayar tun ciwon mai gidan."

"To Baba, yanzu yaya suke ci? Akwai ranar da ake rasawa?"

Malam Maharazu ya gyara zama. Shi ya wanke Abbas, shi ya sa shi a kabari, shi aka bar wa amanar gidan. Mutane biyu da ke wucewa zuwa masallaci suka rage tafiya don su gaishe shi.

"Rasawa?" ya ce, muryar ta ɗan tashi. "Ina raye? A'a, yaro. Gidan Abbas yana cikin rufin asirin Allah. Ba su nemi komai wajen kowa ba."

Barakatu ta karɓi wayar a hankali, ta yi wa Ikrima godiya, ta kashe.

Tsohon bai iya kallonta ba. "Na ɓata, ko?"

"A'a, Baba. Allah ya saka da alheri."

Gurbin ya wuce a ƙarshen damina. Ba ta gaya wa kowa a ofis ba, don ba wanda ya san ta nema. Haulatu har yanzu takan tambaye ta labarin mai mota, ta ce maza ba su da alƙawari. Malam Maharazu kuwa ya mayar da zamansa cikin zaure, in ya ji takunta a lungu sai ya ƙara muryar rediyo. Inna ce kaɗai ta taɓo maganar, sau ɗaya, tana laluben ƙwayar maganinta a gefen filo.

"Mutanen Katsinan nan shiru?"

"Shiru, Inna."

"To. Gara da ba mu gaya wa kowa ba."

Barakatu ta sa mata ƙwayar a tafin hannu, ta tafi ɗebo ruwa.