Matattu a Ƙarƙashin Takalmi

Mahaifina mai haƙar kabari ne. Da gwamnatin jiharmu ta kwaso mu zuwa Landan koyon gyaran injin buga littattafai, zamanin da kuɗin fetur ke hauka, gargaɗi ɗaya ya yi mini: "Duk inda ka je, kada ƙafarka ta taka kabari. Mamaci yana jin nauyin mai rai."

Muna sababbin zuwa malamar kwalejinmu ta ɗebe mu kallon tsohon gari. Gine-gine baƙi ƙirin da hayaƙi, kashin tantabaru ko'ina, kogin kuwa kamar ruwan kwata. Wai Ingilar kenan. Ta shigar da mu wata tsohuwar coci. Sai da muka kai tsakiya na lura duwatsun daɓen rubutu ne a jikinsu.

Na taɓa abokin karatuna, wani Kirista ɗan Jos da ya fi ni Turanci. Ya karanta, ya dube ni.

"Malam, mutane ne fa a ƙasa."

"Waɗanne mutane?"

"Matattu. Wallahi ko mu a gida ba ma haka."

Turawa suna ta ƙwas-ƙwas a kansu, wata ta kafa tsinin takalminta daidai ƙirjin bawan Allah tana gyara jaka. Ga cingam manne a kan sunan wani.

Waɗanda na taka cikin rashin sani, Allah ya gani. Da sanina kuwa, a'a. Na tuɓe takalmi na riƙe, na dinga tsalle daga dutse marar rubutu zuwa wani, ƙato da ni, kamar mai 'yar gala-gala. Ana ta dariya. Mai gadin wurin ya tare ni yana nuna ƙafata.

"Me yake cewa?"

"Wai ka sa takalmi, rashin ladabi ne," in ji ɗan Jos.

Rashin ladabi! Na kewaye shi ta jikin bango na fice, ban ƙara taka kowa ba. Malamar ta bi ni da kallon mahaukaci.

Karatun bai kammalu ba, ni kuma ban koma gida ba. Ina nan unguwar Edmonton ta Landan, a gidan haya na ƙaramar hukuma. Na sha gaya wa 'ya'yana, in na mutu a kai ni gida, kusa da tsoho, inda ake kewaye kabarin mutum, ba a taka shi. Sai su ce "Okay, Dad," idonsu na kan talabijin.